Shin harajin hayaƙi na ƙasa guda zai iya rage hayaƙin duniya?

Malamin Jugurafi, Birnin Kebbi

Assalamu alaikum, iyayenmu da 'yan'uwa na wannan zaure. Tambayar da na kawo yau daga aji ta fito. Ina yi wa 'yan aji biyar darasin sauyin yanayi, na bayyana musu cewa wasu ƙasashe sun sanya kuɗi a kan kowane tan na iskar kabon da masana'anta ko tashar lantarki ta saka sama, sai wani yaro ɗan Ambursa ya ɗaga hannu ya ce: "Malam, in su sun rage, sauran ba su rage ba, ai sama ɗaya ce." Na ba shi amsar da ke cikin littafi, amma ni kaina ban gamsu da ita ba.

Ga yadda tsarin yake, domin wanda bai taɓa bibiyarsa ba. Hanya ta farko haraji ne kai tsaye, kamar yadda Finlan ta fara a 1990, Suwidin da Norwe suka biyo baya a 1991. Hanya ta biyu ita ce gwamnati ta ƙayyade jimillar hayaƙin da za a fitar a shekara, ta fitar da takardun izini daidai da wannan adadi, kamfanoni su riƙa saye da sayarwa a tsakaninsu, sannan a riƙa rage yawan takardun shekara bayan shekara. Wannan shi ne abin da Tarayyar Turai ta soma a 2005. Hikimar duka biyun ɗaya ce. Wanda ya ƙona kwal ko mai yana cin ribarsa shi kaɗai, amma ɓarnar da hayaƙin ke jawowa kowa ake raba wa, har da manomin da bai taɓa ganin masana'anta ba, don haka aka ce a sa masa farashi yadda zai ji a aljihunsa.

Inda na tsaya shi ne lissafi. Duniya na fitar da kimanin tan biliyan 37 na iskar kabon a shekara daga man fetur da kwal da gas da siminti. Ƙasar Sin kaɗai na da wajen kashi 30 cikin ɗari, Amurka wajen kashi 13, Afirka gaba ɗayanta ba ta kai kashi 4 ba. Suwidin, wadda harajinta ya haura dala 100 a kan tan kuma ake yawan kafa misali da ita, rabonta kusan kashi ɗaya ne cikin dubu, wato abin da take fitarwa a shekara guda Sin kan fitar da shi cikin kwana ɗaya ko biyu. To ko da ta rufe komai nata gobe, me zai canja a ambaliyar da ke cinye mana shinkafa a fadama?

Ɗan Kamba

Wa alaikumus salam, Malam. Yaron nan ya yi tambayar manya, Allah ya yi masa albarka. Ni ban yi karatun yanayi ba, amma a bakin iyaka aka haife ni, kuma darasin farko da iyaka ke koya wa mutum shi ne duk inda farashi ya bambanta tsakanin gari biyu, kaya sai sun nemo hanya. Shekara da shekaru, lokacin da gwamnati ke biyan tallafin mai, fetur ɗinmu ya fi na Nijar da Benin araha nesa ba kusa ba, kuma babu wanda ya tashi a Kamba da bai ga jarkoki shida ko takwas a ɗaure a babur guda ba, ana bi da su ta daji zuwa Gaya, wasu kuma a kwale-kwale ta Dole-Kaina da Lolo. An kafa shingaye, an kama na kamawa, an rufe iyaka baki ɗaya a watan Agustan 2019, amma harkar ba ta mutu ba, tsada kawai ta ƙara. Abin da ya karya ta shi ne ranar 29 ga Mayun 2023, da Shugaba Tinubu ya ce tallafi ya tafi, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500, ribar da ake bi ta tsuke.

Haka nake kallon wannan haraji. Idan Jamus ta tsawwala wa mai narka ƙarfe, ko dai ya kwashe masana'antarsa zuwa inda ba a biyan komai, ko kuma ya zauna amma masu saye su koma ga ƙarfen wata ƙasa da ya fi araha. A takarda hayaƙin Jamus ya ragu, a sama kuwa babu abin da ya ragu, ƙaura kawai hayaƙin ya yi, kuma mai yiwuwa ya ƙaru, tunda sabon wurin yana iya zama mai tsofaffin injuna. Akwai kuma abu na biyu da kowane ɗan kasuwa ya sani: idan manyan masu saye suka rage sayen ɗanyen mai, farashinsa zai sauka a kasuwar duniya, kuma da ya sauka wasu za su ƙara sha. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma wannan bangon tun daga tushe a tsage aka gina shi.

Injiniya, Yauri

Yaya na Kamba, hujjarka tana da ƙarfi, kuma masana tattalin arziki sun daɗe suna tattauna ainihin wannan ƙaura da ka kwatanta. Sai dai ba kowane hayaƙi ne ke iya ƙaura ba. Jarkar fetur tana hawa babur, amma mai gida a Landan ba zai sayo wutar lantarkinsa daga Indiya ba, kuma direban bas a Sitokholm ba zai je wata nahiya ya sha mai ba. Wutar lantarki, ɗumama gidaje da sufurin cikin gida su ne mafi yawan hayaƙin ƙasashen nan, kuma a inda suke a nan ake ƙona su.

Ku dubi Birtaniya. A 2012 wajen kashi 40 cikin ɗari na lantarkinta daga kwal yake. A watan Afrilun 2013 ta ƙara nata kuɗin a kan na Tarayyar Turai domin tashoshin lantarki, daga baya ƙarin ya kai fam 18 a kan tan. Da yake kwal na fitar da kusan ninki biyu na hayaƙin gas a kan kowane ma'aunin lantarki, nan da nan tashar kwal ta fi ta gas tsadar gudanarwa, masu su suka fara kashe su. Zuwa 2019 rabon kwal ya sauko wajen kashi 2, kuma a ranar 30 ga Satumban 2024 aka rufe tashar kwal ta ƙarshe a ƙasar da juyin masana'antu ya fara da kwal. Ban ce harajin kaɗai ya yi wannan aiki ba, domin akwai dokokin gurɓatar iska da tallafin da aka ba injunan iska na cikin teku, amma shi ne ya juya lissafin cikin sauri.

A Tarayyar Turai ma, sassan da tsarin takardun izini ya shafa sun rage hayaƙinsu da kusan rabi idan aka kwatanta da 2005. Kuma tsarin bai fara da kyau ba. An raba takardu fiye da kima, tattalin arziki ya durƙushe a 2008, har farashin tan ya faɗi ƙasa da yuro 5 a 2013, lokacin da babu kamfanin da zai canja injinsa saboda shi. Sai da aka fara janye rarar takardun daga kasuwa a 2019 farashin ya miƙe, har ya taɓa yuro 100 a watan Fabrairun 2023. Binciken da aka yi a kan waɗannan shekaru bai gano ƙaurar masana'antu mai yawa ba, ko da yake dole in faɗi gaskiya cewa wani ɓangare na dalilin shi ne masu ƙarfe da siminti kyauta aka riƙa ba su mafi yawan takardunsu, saboda tsoron ainihin abin da ka faɗa.

Amsata ga Malam kuwa ita ce iskar kabon tana daɗewa a sama ɗaruruwan shekaru, taruwa take yi, don haka kowane tan da ba a fitar ba ragi ne na gaskiya, ko daga wace ƙasa yake.

Ɗan Kamba

Injiniya, na karɓi maganar lantarki, ban san da ita ba. Amma ka duba ƙarshen bayaninka: an hana ƙaura ne ta hanyar yafe wa manyan masu hayaƙin kuɗin. Wato inda harajin zai yi cizo sosai, a nan aka cire masa haƙora. Sannan rigar da Bature ke sawa, wayar da ke hannunsa da kayan ɗakinsa, da yawa a Sin da Bangaladash aka yi su, hayaƙinsu kuma a can aka rubuta shi. Norwe tana karɓar harajin hayaƙi a gida tun 1991, amma tana cikin manyan masu sayar wa Turai mai da gas, kuma abin da aka ƙona a wata ƙasa ba ya shiga littafinta. Wannan lissafin ƙasa-ƙasa shi ne ban yarda da shi ba.

Hajiya Mai Noman Rani, Argungu

Salamu alaikum. Na karanta duka, kuma ina so in kawo maganar gida, domin na ji ana cewa mu ma dokarmu ta sauyin yanayi, wadda marigayi Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Nuwamban 2021, ta buɗe ƙofar irin wannan haraji.

Ina noman shinkafa kadada biyu a fadama, kuma duk mai noman rani ya san rayuwarsa a kan injin ban-ruwa take. Kafin a cire tallafi, jarka guda takan kai ni mako ban ji a jikina ba. Bayan an cire, musamman da lita ta haura naira 1,000 a ƙarshen 2024, sai na koma ina tsaye a bakin rijiyar burtsatse ina kallon ruwa na shiga fangali, ina ƙirga kuɗin da ke ƙonewa. Maƙwabcina ya bar rabin gonarsa ba shuka. Wasu suka juya injunansu suka koma amfani da tukunyar gas. Ni kuma na sayar da shanu biyu na sayi injin sola, faifai shida a kan ƙarfe, yaro yana juya su yana bin rana, kuma tun daga nan ban sake sayen fetur don ban-ruwa ba. Saboda haka ba zan musa wa Injiniya cewa tsada tana canja hali ba, a gonata na gani.

Amma ni ina da shanun sayarwa. Wadda ba ta da su fa? Kuma ku zo ku ga abin da tsadar gas ɗin girki ta yi a unguwarmu. Matan da suka fara sabawa da gas sun jingine tukwanensu a bayan ɗaki, sun koma murhu, kuma kowace safiya amalanken itace da buhunan gawayi ne ke shigowa gari. Itacen nan daga dajin da ake cewa a kare saboda hamada yake fitowa. Idan aka ɗora wa talakan Kabi harajin hayaƙi a kan mai da gas, ba zai daina girki ba, bishiya zai sare, hayaƙin kuma ya shiga ƙirjin matarsa da 'ya'yansa. A 2020 ruwa ya shafe mana gona ana saura kaɗan girbi, mun tsaya a kan tudu muna hango kan shinkafa yana nutsewa. Mu ne ke shan wahalar hayaƙin da ba mu fitar ba, sannan a ce mu biya kuɗinsa? Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi ke nan.

Ɗalibar Aliero

Ina gaishe da iyayena da malamaina. Da izininku zan ƙara abu guda da nake ganin shi ne ke amsa tambayar Malam da ta Kawu na Kamba a lokaci ɗaya.

Turawa sun san da tsagar bangon nan, shi ya sa suka ƙirƙiro harajin kan iyaka. Daga 1 ga Oktoban 2023 aka fara tilasta wa masu shigar da ƙarfe, alminiyam, siminti, takin zamani, lantarki da iskar haidurojin cikin Tarayyar Turai su bayyana yawan hayaƙin da aka fitar wajen yin kayan, kuma daga farkon 2026 kayan da suka shiga ana bin su kuɗi daidai da abin da masana'antar Turai ke biya, yayin da ake janye takardun kyauta a hankali. Muhimmin sashen dokar shi ne, idan ƙasar da ta yi kayan ta riga ta karɓi kuɗin hayaƙi a gida, za a cire shi daga abin da za a biya a iyaka. Wannan ya sa kowace gwamnati mai sayar wa Turai kaya ta tsaya ta yi tunani: tunda kuɗin nan dole a biya shi, gara ya shiga baitulmalina da ya tafi Burasels, hedikwatar Tarayyar Turai.

Kuma ana ganin alamar haka. Birazil ta kafa dokar kasuwar hayaƙi a Disamban 2024, Turkiyya ta yi tata dokar yanayi a 2025 da tanadin irin wannan kasuwa, Sin kuma, wadda ta buɗe kasuwarta ta ƙasa a Yulin 2021 da tashoshin lantarki sama da 2,000, ta faɗaɗa ta a 2025 zuwa ƙarfe da siminti da alminiyam, wato kayan da ke cikin jerin Turai. Ba zan ce harajin iyaka ne kaɗai dalilinsu ba, kowace tana da nata lissafin, amma daidaituwar ba ta banza ba ce. Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa a 2024 kusan kashi ɗaya bisa huɗu na hayaƙin duniya yana ƙarƙashin wani nau'in farashi, alhali kafin 2005 ƙasashe ƙalilan ne a arewacin Turai ke yi.

Don haka a ganina ƙasa guda ba ta rage hayaƙin duniya da tan ɗinta, tana rage shi ne idan kasuwarta ta isa ta ja wasu. Suwidin ba za ta iya ba, amma kasuwar Tarayyar Turai mai mutum miliyan 450 za ta iya.

Ga Mama Hajiya kuma, injin sola da kika saya shi ma shaida ne, ko da yake ba na haraji ba. Jamus ta yi doka a 2000 tana sayen wutar sola da tsada daga hannun jama'a, buƙata ta yi yawa, masana'antun Sin suka shiga ƙera faifan da yawan gaske, farashinsa ya faɗi da kusan kashi 90 cikin ɗari tsakanin 2010 da 2020. Manufar da aka yi a wata ƙasa ce ta sa shanu biyu suka isa sayen abin da a da garke ba zai saya ba.

Baba Ɗan Fansho, Jega

'Yata ta Aliero, Allah ya ƙara ilimi, kin yi bayani mai gamsarwa. Ni shekara talatin da biyar na yi a aikin gwamnati, kuma abin da na koya shi ne ba a auna doka da ranar da aka sa mata hannu, ana auna ta da ko ta rayu bayan wanda ya kawo ta.

Ostareliya ta fara karɓar dala 23 ta ƙasarta a kan tan a Yulin 2012. Hayaƙin lantarkinta ya fara sauka, amma jam'iyyar adawa ta mai da soke harajin babban alƙawarin zaɓenta, ta ci, kuma a Yulin 2014 gwamnatin Tony Abbott ta soke shi. A Faransa ƙarin harajin mai ne ya fito da masu rigunan ɗorawa kan titi a Nuwamban 2018, mafi yawansu mutanen karkara da ba su da abin hawa sai motarsu, har gwamnati ta janye ƙarin. Kanada ta yi abin da masana ke cewa shi ne daidai, wato ta riƙa mayar wa iyalai mafi yawan kuɗin da ta karɓa, amma jama'a suna ganin tsada a gidan mai kullum, kuɗin da ake mayarwa kuwa sau huɗu a shekara yake shiga asusu, kuma a Afrilun 2025 Firaminista Mark Carney ya mai da harajin masu saye sifili. Amurka, ta biyu a yawan hayaƙi, ba ta da irin wannan farashi a matakin tarayya, ta fice daga yarjejeniyar sauyin yanayi ta Faris, ta dawo a 2021, ta sake sanar da ficewa a Janairun 2025. Mai gina masana'anta na shekara arba'in yake lissafi, ba zai zuba dukiyarsa saboda harajin da zaɓe ɗaya ke iya sharewa ba.

Amma ba wannan ne ya sa na yi magana ba. Hajiya ta ji tsoron a ɗora wa manomi, kuma tsoronta yana kan hanya. Abin da nake so mu tuna shi ne Najeriya ta daɗe da nata farashin hayaƙi, sai dai ba a kiransa da wannan suna. Tun 1979 aka yi dokar da ta ce daga Janairun 1984 kamfanonin mai su daina ƙona gas ɗin da ke fitowa tare da ɗanyen mai, sai da izinin minista. Aka sa tara, amma shekaru da yawa tarar naira 10 ce a kan ƙafa dubu ta gas, abin da ya fi wa kamfani sauƙi nesa da gina bututun tara gas ɗin. Sai a 2018 aka ɗaga ta zuwa dala 2 ga manyan kamfanoni. Na taɓa zuwa aiki yankin Neja Dalta, na ga wutar nan da idona tana ci dare da rana a kan dogon bututu, har dare ba ya yin duhu a ƙauyen da ke kusa. Gas ne da zai iya cika tukwanen matan unguwar Hajiya ake ƙonawa a banza. Idan za mu sa wa hayaƙi farashi, ga inda ya kamata ya fara, domin rijiyar mai ba ta hawa babur ta tsallaka iyaka, kuma masu biyan ba su da yawa, an san su da adireshinsu.

Injiniya, Yauri

Baba, wannan magana taka ta sa na ɗauki biro. Ƙafa dubu ta gas idan aka ƙona ta tana ba da abin da ya kai kilo 55 zuwa 65 na iskar kabon. Idan aka raba dala 2 ta 2018 a kan wannan, tarar ta kama kimanin dala 30 ko sama a kan tan. Ku kwatanta da Afirka ta Kudu, wadda ta fara harajinta a Yunin 2019 da rand 120 a kan tan, ƙasa da dala 10 a lokacin, sannan ta yi wa masana'antu rangwamen da ke iya kaiwa kashi 95 cikin ɗari. Ashe a rubuce namu ba ƙarami ba ne. Abin da ya rage shi ne a auna gas ɗin da gaske, a karɓi kuɗin cif-cif, kuma jama'a su san inda ya shiga. Akwai kuma ribar da ba a cika ambata ba: wutar ba ta cinye gas ɗin duka, wani yana tserewa a matsayin iskar mitan, wadda ta fi kabon kama zafi sau da yawa a shekarunta na farko.

A ɓangaren fetur kuwa, lita guda tana ba da wajen kilo 2.3 na iskar kabon, wato sai an ƙona lita kusan 430 ake samun tan guda. Ko da an sa dala 50 a kan tan, abin da zai hau kan lita bai wuce santi 12 na dala ba, kuma cire tallafi ya riga ya yi wa farashin mai abin da ya ninka wannan. Ƙasar da rabonta na hayaƙin duniya bai kai kashi ɗaya cikin ɗari ba, kuma jama'arta sun riga sun sha wannan, ba ta da abin da za ta ƙara wa duniya ta hanyar sake matsa wa mai injin ban-ruwa.

Malamin Jugurafi, Birnin Kebbi

Na gode ƙwarai. Akwai wurin da har yanzu nake tare da Ɗan Kamba. Harajin iyakar da ɗalibarmu ta bayyana yana toshe ƙaurar masana'anta, amma bai taɓa magana ta biyu da ya yi ba, wato saukar farashin ɗanyen mai idan masu kuɗi suka rage saye. Sannan yana da fuskar rashin adalci da bai kamata mu kau da kai daga gare ta ba. Ƙasashen da suka cika sama da hayaƙi tun ƙarni na 19 su ne yanzu ke tsaye a ƙofa suna karɓar kuɗi daga irin Mozambik, wadda alminiyam ɗin da take kai wa Turai ya daɗe yana cikin manyan hanyoyin samun kuɗinta, kuma kuɗin harajin a Turai yake zama. Su ne kuma suka yi wa ƙasashe masu tasowa alƙawarin dala biliyan 100 a shekara a taron sauyin yanayi na Kopanhegan na 2009, da cewa za su cika nan da 2020, ba su cika ba sai bayan wa'adin. Shi ya sa shugabannin Afirka da suka taru a Nairobi a Satumban 2023 suka nemi a yi harajin hayaƙi na duniya baki ɗaya wanda kuɗinsa zai je inda ɓarnar take. Wannan ya fi kwanta mini a rai, ko da yake na san wuyar haɗa kan ƙasashe kusan 200.

Hajiya Mai Noman Rani, Argungu

Malam, maganarka ta tuna mini da Matan Fada. Wurin da ake kamun kifi na bikinmu ana hana su a cikinsa har ranar biki, kuma hanin yana aiki saboda kowa ya san Sarkin Ruwa, kowa ya san iyakar ruwan, kuma wanda ya haƙura ya san ranar rabo tana zuwa da shi a ciki. Da a ce masuntan tsallake ɗaya ne kawai aka hana, na ɗaya tsallaken suna zuba homa, babu wanda zai haƙura ko na wata guda. Ita sama ba ta da Sarkin Ruwa.

Ina da tambaya ga 'yata ta Aliero. Kin sa takin zamani a cikin jerin. Yuriyar da nake zubawa a shinkafa a nan ƙasar ake yin ta, kuma na ji ana fitar da ita waje. Wannan haraji zai taɓa farashin buhu a kasuwar Argungu?

Ɗalibar Aliero

Mama, harajin yana kan buhun da ya shiga Tarayyar Turai ne kawai, ba ya kan wanda aka sayar a gida ko aka kai Birazil ko Amurka. Yuriya daga gas ake yin ta, kuma manyan masana'antunmu na Lekki da Eleme suna fitar da kaso mai yawa waje. Idan shiga Turai ya yi musu tsada, za su iya karkatar da kayan zuwa wata kasuwa, wanda ba zai ƙara miki farashi ba. Inda zai iya taɓa ki shi ne idan gwamnatinmu ta ce gara ta karɓi kuɗin a gida, ta sa harajin a kan masana'antar gaba ɗaya, domin a lokacin kowane buhu zai ɗauka, har da na Argungu, sai fa idan an ware wani abu daga kuɗin an mayar wa manoma.

Ɗan Kamba

To ga abin da na faɗa tun farko ya sake fitowa ta wata ƙofa. Kamfani mai masana'anta biyu zai aika wa Turai kayan sabon injinsa mai ƙarancin hayaƙi, ya sayar wa sauran duniya na tsohon, kuma babu tan ɗaya da ya ragu. Sannan wa zai auna? Na ga yadda ake rubuta takardar kaya a bakin iyaka, buhu ɗari ya zama sittin. Hayaƙin da ido ba ya gani ya fi buhu sauƙin ɓoyewa.

Injiniya, Yauri

Yaya, rabon kaya tsakanin kasuwanni da ka faɗa matsala ce ta gaske, kuma dokar ba ta gama magance ta ba. Batun awo kuwa, sun tanadi cewa sai wani mai tantancewa da suka amince da shi ya duba alƙaluman masana'anta, kuma wanda bai kawo tantattun alƙaluma ba za a yi masa lissafi da wani adadi na bai-ɗaya da aka sa shi sama da matsakaici, domin ɓoyewa ta fi bayyanawa tsada. Babban kamfani zai iya biyan mai tantancewa. Ƙaramin mai narka ƙarfe a Afirka, wanda ko mitar gas mai kyau ba shi da ita, shi ne zai faɗa cikin adadin bai-ɗaya, ya biya fiye da hayaƙin da ya fitar. Idan akwai abin da hukumar yanayi ta ƙasa ya kamata ta fara kashe wa kuɗi, to horar da masu awo ne da samar da kayan awon, tun daga bututun da Baba ya gani yana ci da wuta har zuwa masana'antar siminti ta Kalambaina.